Mari a Ƙafar Almajiri

Gaisuwa ga mutanen Mai Wurno da Sinnar da Sinja, da na Damazin da Rusairis, da na Wad Madani da duk kambon ma'aikata da ke gefen gonakin Jazira, har da 'yan uwanmu da yaƙi ya tasa daga gidajensu suke jinmu daga Gadarif ko Kasala. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Maganarmu ta yau mai nauyi ce. Za mu taɓo duka da ɗauri da lalata da ake yi wa yara a wuraren da aka kai su amana, da kuma aikin 'yan jaridar da ke tono irin wannan ta'asa. Iyaye, in akwai ƙananan yara a gindin rediyo, ku duba ko ya dace su ji. Amma ku kanku don Allah kada ku murɗa tasha.

A watan Oktoban 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da wani fim na bincike a kan halwowin ƙasar nan ta Sudan, wato makarantun allo. Wanda ya yi aikin ɗan ƙasa ne, sunansa Fathur Rahman al-Hamdani. Shi ma a halwa ya yi karatu yana yaro, ya san allo da tawada, ya san zafin bulala. Wata 18 ya kwashe yana shiga halwa yana fita da kyamara a ɓoye, har ya zaga guda 23. Ya ɗauko yara da mari a ƙafa, wasu ba su wuce shekara 5 ba, suna tafiya da ƙyar suna jan ƙarfe. Ya ɗauko ɗakunan da ake kulle wanda ya yi laifi. Ya ɗauko yara marasa lafiya kwance a ƙasa cikin zafin rana babu mai duba su, da waɗanda ake zabga wa bulala don sun yi tuntuɓe a aya guda.

Abin da ya fi girgiza mutane shi ne labarin wasu yara biyu 'yan shekara 14 a wata halwa da ke Umdurman, mai suna Khulafa'ur Rashidin. Sun yi yunƙurin gudu, aka kamo su, aka kulle su kwana 5 ba ci ba sha, ana dukansu har fatar bayansu ta ɗaye. A gadon asibiti ɗan jaridar ya same su, rai kwakwai mutu kwakwai. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi cewa ya ga manyan ɗalibai suna yi wa ƙanana fyaɗe. Fim ɗin ya ambaci sunayen yaran, ni ba zan ambata ba, domin yanzu samari ne, suna da haƙƙin su shiga kasuwa ba tare da ana nuna su da baki ba. Iyayensu sun yi abin da ba kasafai ake yi ba, suka kai ƙara. Aka tuhumi shehin halwar da malamai uku, aka kuma ba da belinsu. Da ɗan jaridar ya je ya zauna gaban shehin ya tambaye shi, bai musanta sa wa yara mari ba, kāre shi ma ya yi, ya ce akwai amfani a ciki. Zancen fyaɗe kuwa ya ce ƙarya ne.

To, na san abin da ke ran wasu daga cikinku yanzu. Kuna cewa, wannan mai shiri ya zo ya ci mutuncin makarantar allo. Allah Ya kiyaye. Alƙaluman gwamnati da fim ɗin ya kawo sun nuna akwai halwa kusan 30,000 a ƙasar nan. A nan ɗan talaka yake samun karatu da tuwo da wurin kwana, a ƙauyen da gwamnati ba ta taɓa aza tubalin aji ko ɗaya ba. Wa zai raina halwar Umm Dubban? Wa zai raina ta Wad al-Fadni da ke nan Jazira, inda aka yaye mahaddata ba adadi? Mu kanmu kuma, me ya kawo kakanninmu gaɓar kogin nan in ba addini ba? Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Wasu kuma hanyar Makka ce ta biyo da su, suka tsaya neman guzuri, da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925 suka zauna. Kowane ayari da allonsa ya zo. Babu wanda zai koya mana son Alƙur'ani, kuma wannan son ne ya sa abin ya zama namu. Yaron da aka sa wa mari a kan karatu, da wuya ya tashi yana ƙaunar abin da aka ɗaure shi a kansa.

Fim ɗin ba a kan Hausawa aka yi shi ba, a kan halwowin Sudan ne baki ɗaya. Amma kada mu ce ai ba a gidanmu ba ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu suna ba da labarin an yi lalata da su. Wata bai cika zagayowa ba aka fasa wani a Daura, aka fito da mutum 67. Gidan mari sunan da kowane Bahaushe ya sani ne. Kuma waɗanda aka fito da su, akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don yaro ya kangare ko ya faɗa shaye-shaye. Ba na zargin uban da ya rasa yadda zai yi da ɗansa, babu likitan ƙwaƙwalwa kusa, babu mai ba shi shawara. Abin da ya same shi shi ne ya miƙa ɗa, ya juya baya, aka rufe ƙofa, bai ƙara tambaya ba.

Wannan rufe ƙofar ita ce tushen cutar, ko ina ne a duniya. Duk inda aka tara marasa ƙarfi a hannun mai ƙarfi, babu mai leƙowa, kuma in wanda aka zalunta ya yi magana ba za a yarda da shi ba, to zalunci zai yi saiwa a wurin, ko masallaci ne a gefensa ko coci ko tutar gwamnati. A 1887 wata 'yar jarida a Amurka, Nellie Bly, ta yi kamar ta haukace don a kai ta gidan mahaukata na tsibirin Blackwell a birnin New York. Kwana 10 ta yi a ciki, ta fito ta rubuta yadda ake dukan mata ana watsa musu ruwan sanyi ana ba su ruɓaɓɓen abinci, har hukuma ta kafa bincike. A ƙasar Ayalan, a 1999, wata mai suna Mary Raftery ta yi shirin talabijin a kan gidajen renon yara da ƙungiyoyin coci ke gudanarwa, abin ya kai ga firaministan ƙasar ya fito ya nemi gafarar waɗanda aka cuta, aka kafa hukumar da ta fitar da rahotonta a 2009. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda limaman cocin Katolika suka daɗe suna lalata da yara, shugabanninsu sun sani, sai su ɗauke mai laifin daga wannan unguwa su mayar da shi wata don kada sunan coci ya ɓaci. Kafin shekarar ta ƙare babban limamin birnin, Bernard Law, ya sauka daga muƙaminsa. A Ghana ma Anas Aremeyaw Anas ya yi shigar burtu ya shiga asibitin masu taɓin hankali na Ankara da gidan marayu na Osu.

Ku tsaya a kan na Boston ɗin nan, jama'a, ku duba ko bai yi kama da abin da muke yi ba. A kama gardi ya ɓata yaro. Manya su taru da dare a zaure, a yi masa faɗa, a ce ya tattara buzunsa ya bar gari kafin asuba. A ce an rufa asiri. Shi kuwa ya sauka a wani ƙauye inda ba a san shi ba, a ba shi yara 20 ya kwana da su. Asirin wa aka rufa? Yaran ƙauye na biyu, wa ya tambaye su?

Bari in ɗan bayyana yadda aikin binciken jarida yake, don mutane da yawa suna haɗa shi da abin da suke gani a Facebook da WhatsApp, inda wani zai ɗora hoto ya rubuta sunan malam ya ce a yaɗa. Wannan ba bincike ba ne, sau da yawa ma ƙazafi ne, kuma ya sha jawo a far wa wanda bai ji ba bai gani ba. Mai bincike na gaskiya in ya ji labari ba ya gaggawar bugawa. Zai nemi wanda abin ya faru a kansa ya saurare shi. Zai nemi wani shaida na daban wanda bai san na farko ba, ya ga ko maganarsu ta zo ɗaya. Zai nemi rahoton likita, da takardar 'yan sanda, da ta kotu. Sannan dole ya je wurin wanda ake zargi ya shimfiɗa masa abin da ya samu ya ji ta bakinsa, kamar yadda Hamdani ya zauna da shehin Umdurman. Shi ya sa aikin ke cin wata da watanni. Kyamarar ɓoye kuwa ba a ɗaukarta sai an tabbata babu wata hanya, domin in ka shiga da sallama ka ce kai ɗan jarida ne, za a kwance marin a ɓoye kafin ka gama shan ruwa. Yara sun daɗe suna faɗin abin nan da bakinsu ana ce musu maƙaryata. Da hoto ya fito, gani ya kori ji. Wannan tsari na tabbatarwa kafin a yanke hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu, duk wanda ya karanta Suratul Hujurati ya san an umarce mu da shi.

Sai wani ya ce, to ina rufin asirin Musulmi? Malamaina, ku kuka karantar da mu cewa rufin asiri yana kan laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda ya yi ya ɓoye yana jin kunya. Cutar da ke ci gaba da faɗa wa wani, musamman yaro da ba ya iya kare kansa, hana ta wajibi ne. Kuma ba daga Turai aka fara yi wa malami iyaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya da ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban masu karantar da yara. Ya iyakance horon karatu a bulala 3, ya hana a wuce haka ba da izinin uba ba, ya hana dukan fuska da kai, ya hana malami ya yi duka don huce fushinsa. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ya ware babi yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa zuciya, tana koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoro. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara 10 tun yana yaro, kuma ya shaida bai taɓa ko tsawata masa ba. To mari da ɗakin duhu da kwana 5 ba ruwa, daga wane littafi aka samo su?

Akwai wani tsoro kuma da ya keɓanta da mu Hausawan Sudan, ba zan tsallake shi ba. Mun san yadda ake ce mana baƙi a ƙasar da aka binne kakannin kakanninmu. Ba mu manta da abin da ya faru da mu a jihar Nilul Azraƙ a watan Yulin 2022 ba, rayukan da aka rasa da gidajen da aka ƙona. Wanda ake nema da laifi yakan ce, kada mu fitar da namu waje a samu abin dukanmu. Na fahimci wannan ƙwarai, raina ma yana jin sa. Sai dai wanda ke biyan kuɗin wannan shirun namu yaro ne ɗan shekara 8, kuma ba a yi shawara da shi ba. In mu muka kama mai laifi muka miƙa shi, mutuncinmu ne ya ƙaru. In muka ɓoye har wani ya tono, a lokacin ne za a shafa wa kowa.

'Yan jarida su ma ina da magana da su. Yaron da ka ɗauki fuskarsa, kai za ka koma birni, shi zai ci gaba da zama a garin. Ka rufe fuskarsa, ka sauya sunansa, ka nemi yardar iyayensa, kada ka sa shi ya riƙa maimaita abin da aka yi masa don ka samu hawaye a kyamara. Kada ka ga halwa 3 ka ce duka haka suke, domin akwai alaramman da ya tsufa yana ciyar da 'ya'yan mutane daga gonarsa bai taɓa ɗaure kowa ba, shi ma yana da haƙƙi a kanka. Kuma in labari ya fita, ka dawo bayan shekara ka ga ina shari'a ta kwana.

Domin fim shi kaɗai ba ya kwance mari. Lokacin da fim ɗin Hamdani ya fito, ministan harkokin addini na gwamnatin riƙon ƙwarya, Nasruddin Mufarrah, ya ce ana duba halin da halwowi ke ciki, ya kuma ce ɓarnar da aka gada ta shekara 30 ba ta gyaruwa dare ɗaya. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2021, soja suka kifar da gwamnatin. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke. Kun tuna gidan marayu na Maigoma a Khartum, inda jarirai suka yi ta mutuwa da yunwa da zazzaɓi a makonnin farko na yaƙin. Sai da kamfanonin dillancin labarai suka kai maganar duniya, sannan a watan Yunin 2023 aka kwaso yara kusan 300 aka kawo su nan Wad Madani. A Disamban shekarar Wad Madani ita ma ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari masu yaƙi da soja, aka sake kwashe yaran. Yau makarantu da yawa sun zama sansanin 'yan gudun hijira, yara sun rabu da iyaye, uwa mai 'ya'ya 7 ba abinci in ta ji inda za a ciyar da biyu sai ta miƙa. 'Yan jarida kuwa wasu an kashe, wasu sun tsallaka iyaka. Babu Hamdanin da zai zo kowane kambo da kyamara. Aikin da ya yi, tambaya da dubawa da ƙin gamsuwa da "lafiya lau", ya dawo wuyanmu.

Saboda haka, ya kai uba, in ka kai ɗanka halwa, ka bar faɗin maganar nan da aka saba, wai nama na malam ƙashi naka. Naman ma naka ne, amana ka bayar. Ka riƙa zuwa ba tare da ka aika kana tafe ba. Ka ce a nuna maka inda yake kwana, ka tambayi wa ke kwana da ƙanana, ko an raba su da gardawa. In ka ga ɗaki da kwaɗo a waje, ka tambayi me ke ciki. Ka ja ɗanka gefe, nesa da idon kowa, ka ɗaga rigarsa ka duba bayansa, ka duba idon sawunsa, domin mari yana barin zobe a fata. Malamin kirki ba zai ji haushin wannan ba, daɗi zai ji ya samu uba mai kula. In hanya ta yi nisa ko ba ta biyuwa, ku haɗu ku iyayen gari ɗaya ku wakilta mutum guda amintacce ya riƙa zagayawa. Limamai da masu unguwanni, ku ma halwar da ke garinku a ƙarƙashin idonku take, ko da yaran ba naku ba ne, ai ɗa na kowa ne.

Iyayena mata, ku yaro ya fi faɗa wa, kuma sau da yawa ba da baki yake faɗa ba. Yaron da ya dawo ya daina magana, ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, yana firgita cikin barci, yana tafiya yana ɗingishi ko ya kasa zama sosai, ko ya gudo sau biyu sau uku yana kuka kada a mayar da shi, kada a ce masa ragon karatu a ɗaure shi a mayar. A zaunar da shi a tambaye shi a hankali. Haka ma 'yan matan da ake kaiwa aikatau gidajen mutane a birni. In yaro ya buɗe baki ya faɗa, abu na farko ki yarda da shi, ki ce masa ba laifinsa ba ne. Kada a dake shi, kada a tara masa jama'a, kada a ɗauki hotonsa a watsa a waya.

Doka tana bayanku. Dokar Yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ta hana azabtarwa a makarantu, ta kuma tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya yi wa yaro fyaɗe. Tun 2015 aka gyara dokar laifuffuka aka raba fyaɗe da zina, don kada wanda aka zalunta ya ji tsoron a juya tuhuma kansa. 'Yan sanda suna da sashe na musamman na kare iyali da yara, wanda aka fara buɗewa a Khartum a 2007 kafin ya bazu zuwa jihohi. Inda yake aiki a kusa da ku, can za ku nufa. Inda yaƙi ya rufe shi, ku fara da asibiti ko ma'aikatan lafiya na sansani. Ku nemi likita ya rubuta abin da ya gani a takardar nan ta Urnik 8, ita ce hujjarku a kotu, amma kada jiran takarda ya hana a yi wa yaro magani. Kayan da ke jikinsa a adana su, kada a wanke. Kuma a yi sauri, domin maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, yake aiki.